Koren Fenti: Amsoshin Tambayoyinku Kan Kamfanonin da Ke Iƙirarin Kare Muhalli

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk abu guda suke kewayawa: kamfani ya ce kayansa ba sa cutar da muhalli, mai saye kuma ba shi da ma'aunin da zai gwada maganar. Turawa na kiran wannan ɗabi'a girinwoshin. Mu a wannan fili za mu kira ta koren fenti, wato a shafe bango mai tsaga da launin ganye a ce sabo ne. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malamai. Kusan duk sabulun wanki da man shafawa da nake gani yanzu akwai hoton ganye a jiki, an rubuta "na halitta" ko "mai kare muhalli". Ta yaya zan bambance na gaskiya da na talla? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara da sanya yatsa ki rufe hoton ganyen da koren launin, ki karanta abin da ya saura. Sau da yawa za ki tarar kalma ɗaya ce ko biyu, ba lamba ko ɗaya a tare da su. Hukumar Tarayyar Turai ta bi diddigin irin waɗannan iƙirarai a 2020, ta samu kashi 53 cikin 100 ko dai dunƙulalliyar magana ce, ko mai ɓatarwa, ko marar tushe, kashi 40 kuma ba wata hujja a bayansu. Matsalar ta daɗe. Tun 1986 wani mai fafutukar muhalli a Amurka, Jay Westerveld, ya raɗa mata suna, sa'ad da ya yi rubutu kan otal-otal da ke roƙon baƙi su maimaita tawul "don ceton duniya", alhali kuɗin wanki suke ragewa.

Iƙirarin da za a iya riƙewa yana amsa tambayoyi huɗu: me aka auna, da me aka kwatanta, wane ɓangare na kayan ake nufi, wa ya tabbatar. Ta uku ce ta fi kama mutane. Kwalba ta ce "an yi da robar da aka sake sarrafawa", sai ki duba ƙananan rubutun baya ki ga murfin kaɗai ake nufi, ko kwalin da aka sako ta. Ta biyu ma akwai tarko. A ce bara kashi 4 cikin 100 na kwalbar tsohuwar roba ce, bana ya koma kashi 6. Kamfani zai iya bugawa da manyan baƙaƙe cewa ya ƙara da rabi, kuma lissafinsa daidai ne, amma kashi 94 na kwalbar har yanzu sabuwar roba ce da aka samo daga man fetur.

Kalmar "na halitta" kuwa ba ta ɗauke da alkawarin komai. Dalma ma daga ƙasa ake tono ta, kuma guba ce. Akwai kuma alfahari da abin da doka ta riga ta tilasta: gwangwanin feshi da ke cewa babu sinadarin CFC mai lalata sararin ozon a cikinsa yana tallata bin yarjejeniyar Montreal ce ta 1987, wadda ta sa aka daina kera sinadarin a duniya. Ba abin da ya fi sauran gwangwanayen da ke gefensa da shi.

Tambaya: Wasu kayan suna da tambari mai zagaye kamar hatimin hukuma. Wannan bai isa shaida ba? Daga wani mai sarin kaya.

Amsa: Alhaji, hatimi kowa na iya zana shi a kwamfuta cikin minti goma. Abin dubawa shi ne wanda ya bayar da shi. Ƙungiyar ma'aunai ta duniya, ISO, ta kasa tamburan muhalli gida uku. Na ƙarƙashin ISO 14024 wata hukuma ce ta daban ke gindaya sharuɗɗa, ta gwada kayan, sannan ta ba da izini; irinsu Blue Angel na Jamus da aka fara a 1978, da Nordic Swan na 1989, da EU Ecolabel na 1992. Na ƙarƙashin ISO 14021 kamfani ne da kansa ke faɗin abin da ya faɗa. Na ISO 14025 kuma takarda ce mai jera alƙaluman tasirin kayan tun daga haƙo ɗanyen abu har zubarwa, ba ta ce kayan na da kyau ko muni ba, lamba kawai take bayarwa.

Tambarin ƙwarai yana zuwa da lambar lasisi, kuma mai tambarin yana da rajista a intanet da kowa zai iya shiga. Ka rubuta lambar a can, ka duba abu uku: sunan kamfanin ya yi daidai, lasisin bai ƙare ba, kuma wannan kayan da ke hannunka yana cikin waɗanda aka amince da su. A nan ake yawan samun zamba, domin kamfani kan samu shaida a kan samfuri ɗaya ya manna tambarin a kan goma. Idan ka nemi mai tambarin ka ga kamfanin da kansa ne, ko wata ƙungiya da shi ya kafa, to yabon kai ne aka sa wa rawani.

Kada kuma ISO 14001 ya ruɗe ka. Shaida ce cewa masana'anta na da tsarin lura da lamuran muhallinta, ba ta auna tsabtar kayan da ke fitowa daga ciki. Matatar mai ma tana iya mallakarta. Haka tambarin katako da takarda na FSC, ƙungiyar da ke tantance dazuzzuka, iri uku ne, kuma wanda aka rubuta wa Mix gauraye ne, ba duka daga dajin da aka tantance ya fito ba.

Tambaya: Malam, na sayi leda da aka ce tana ruɓewa da kanta. Na binne ta a tukunyar shuka wata takwas, na tono ta tana nan yadda take. Sannan wannan alamar kibiyoyi uku da lamba a tsakiya da ke gindin robobi, ba tana nufin za a sake sarrafa su ba? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yar'uwa, gwajin da kika yi masana ma sun yi shi. A 2019 masu bincike a Jami'ar Plymouth ta Ingila suka fitar da sakamakon ledojin da suka binne a ƙasa, suka kuma jiƙa wasu a teku har shekara uku. Wasu daga cikin waɗanda aka rubuta wa "mai ruɓewa" an tono su sun ɗauki kayan sayayya ba su yage ba.

Dalili shi ne ruɓewa na da sharaɗi, talla kuma ba ta faɗin sharaɗin. Ma'aunin Turai na EN 13432 yana nufin ruɓewa a masana'antar takin zamani ta musamman, inda zafi ke kai wajen digiri 58, ga laima, ga iska, ana juyawa. A can ana so cikin mako 12 ledar ta farfashe ta yadda kashi 90 zai wuce rariya mai ƙofar milimita 2, cikin wata 6 kuma kashi 90 na kabon ɗinta ya koma iska. Tukunyar shuka ba ta da wannan zafi. Juji da aka danne ya fi muni, don babu iska a cikinsa, abin da ya samu ya ruɓe a can iskar mitan yake fitarwa, wadda ta fi kabon dayoksaid riƙe zafi nesa ba kusa ba. Idan ana nufin takin gida, dole a rubuta hakan a fili da shaidarsa ta daban. Akwai kuma wadda ake kira okzo: leda ce ta yau da kullum da aka zuba wa sinadarin da ke sa rana ta farfasa ta. Ido ya daina ganinta, amma ɓurɓushin robar na nan a ƙasa da ruwa. Tarayyar Turai ta hana sayar da ita tun Yulin 2021.

Alamar kibiyoyin mai lamba a tsakiya kuwa, masana'antun roba na Amurka ne suka fito da ita a 1988 don masu tsince shara su gane nau'in robar. Lamba 1 ita ce PET ta kwalaben ruwa, 2 HDPE ta jarkoki, 3 PVC, 4 leda mai laushi, 5 PP, 6 robar kumfa da danginta, 7 kuma tarkacen duk abin da bai shiga shidan ba. Suna ne kawai na robar. Masu lamba 1 da 2 ne ke da kasuwa a yawancin wurare. Baƙar roba na'urar tantancewa ba ta ganinta sosai, domin baƙin launin na shanye hasken da take aiki da shi. Ƙananan fakiti masu shafi-shafi na roba da alminiyam ba a iya raba su cikin araha. Ƙungiyar OECD ta ƙiyasta a 2022 cewa kashi 9 cikin 100 ne kacal na sharar roba ta duniya ake sake sarrafawa.

Don haka tambayar da za ki yi ita ce: akwai mai karɓar wannan robar a inda nake? Ƙa'idar hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ce kada a rubuta "ana sake sarrafawa" haka kawai sai in aƙalla kashi 60 na masu saye na da wurin kaiwa. A kan wannan gaɓa hukumar gasa ta Kanada ta ci kamfanin Keurig tarar dalar Kanada miliyan 3 a 2022, saboda in ban da larduna biyu, yawancin garuruwa ba sa karɓar ƙananan kofunan robar garin kofi da ya ce ana sake sarrafawa.

Tambaya: Lokacin sayen tikitin jirgi a intanet an ce in ƙara 'yan kuɗi a "goge" hayaƙin tafiyata ta hanyar dasa bishiyoyi. Da gaske ana iya gogewa? Daga wani matafiyi.

Amsa: Ɗan'uwa, mu yi lissafi da mota tukuna, don ya fi sauƙin gani. Lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na kabon dayoksaid. Motar da ta sha lita 1,000 a shekara ta fitar da tan 2.3 ke nan. Busasshen itace kusan rabinsa kabon ne, kuma kowane kilo na kabon daidai yake da kilo 3.67 na wannan iskar. Ka raba, ka ninka, za ka ga sai an samu ƙarin busasshen itace kusan kilo 1,250 kafin a kama hayaƙin shekara ɗaya na mota ɗaya. Dashen da aka yi jiya zai ɗauki shekaru kafin ya tara wannan nauyi, hayaƙin kuwa ya riga ya hau sama, kuma wani kaso nasa zai zauna can ɗaruruwan shekaru. Bishiyar dole ta rayu tsawon wannan lokaci, kada fari ya kashe ta, kada a sare ta, kada wuta ta ci ta. A 2021 gobarar dajin Bootleg a jihar Oregon ta Amurka ta cinye wani ɓangare na dajin da aka riga aka sayar da takardun kabon a kansa, wato takardun da kamfani ke saya don ya ce ya goge hayaƙinsa. A Agustan 2025 wata kotu a Frankfurt ta hana Apple tallata agogonsa a Jamus da sunan wanda hayaƙinsa ya tashi sifiri, saboda hayar mafi yawan filayen da aka dasa bishiyoyin da ya dogara da su a Paraguwai zuwa 2029 kawai aka tabbatar da ita.

Yawancin takardun dazuzzuka ma ba na dashe ba ne, na "hana sarewa" ne. Mai aikin zai ce da ba don ni ba da an sare kaza na wannan daji, sai a ba shi takardu gwargwadon abin da ya ce ya hana. Duk cinikin ya rataya ne a kan hasashen abin da bai faru ba, kuma wanda ke cin ribar ƙara gishiri shi ke kawo hasashen. A Janairun 2023 jaridun Guardian da Die Zeit da ƙungiyar SourceMaterial suka wallafa binciken da ya ce fiye da kashi 90 na takardun dazuzzukan da Verra, ƙungiyar da ke ba da shaidar takardun kabon, ta tantance da wuya su wakilci ragi na gaskiya. Verra ta musanta, amma daga baya ta sake fasalin hanyar lissafinta. Ga kuma matsalar ƙaura: ka tsare wannan daji, masu gatari su koma na gaba.

Kotuna sun soma gajiya da wannan magana. A Maris 2024 kotun Amsterdam ta duba kalamai 19 na tallan kamfanin jirage na KLM, ta ce 15 masu ɓatarwa ne. A Yunin wannan shekarar babbar kotun tarayya ta Jamus ta yanke wa kamfanin alewa na Katjes cewa in ka ce kayanka ba sa ƙara ɗumamar yanayi, to a cikin tallar kanta za ka bayyana ko rage hayaƙi ka yi ko takarda ka saya. Tura mutum shafin intanet bai wadatar ba. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2024/825, wadda aka sa 27 ga Satumba, 2026 a matsayin ranar fara aiki da ita, ta haramta irin wannan iƙirari a kan kaya in dai sayen takardu ne madogararsa.

In kana son ba da kuɗin, ka nemi sunan aikin, da lambarsa a rajista, da shekarar takardun, da shaidar cewa an soke su da sunan kamfanin don kada a sake sayar wa wani. Ka ɗauke shi gudummawa ga daji. Hayaƙin jirgin dai ya fita.

Tambaya: Malamai, aka ba ni aikin nazarin rahoton muhalli na wani babban kamfani, shafi ya fi ɗari. Ya ce ya rage hayaƙi da kashi 20, kuma zai kai sifiri a 2050. Daga ina zan kama? Daga wani ɗalibin jami'a.

Amsa: Ka tsallake hotunan yara da fanfunan iska, ka wuce teburorin alƙaluma na ƙarshe. Can gaskiyar ke kwance da ƙananan baƙaƙe.

Ana kasa hayaƙin kamfani da'ira uku, waɗanda rahotanni ke kira sikof. Ta 1 ita ce abin da ke fita daga injuna da motocin kamfanin kansa. Ta 2 hayaƙin wutar lantarkin da ya saya. Ta 3 duk sauran ne, daga masu kawo masa ɗanyen kaya har zuwa masu amfani da abin da ya sayar, kuma an raba ta aji 15. Ga kamfanin mai, aji na 11, wato ƙona man da ya sayar, shi ne uwa uba. Da'ira ta 3 kan kai kashi 80 zuwa 90 na jimillarsa. Kamfanin da ya yi alkawarin sifiri a da'ira ta 1 da ta 2 kaɗai ya share tsakar gida ne ya bar juji a ƙofa. Ga banki kuma aji na 15 ne, wato abin da ya zuba wa kuɗi.

Sai ka duba ko ragin na jimilla ne ko na kowane guda. Masana'anta na fitar da kilo 10 a kan kowane kaya, tana kera miliyan 1, jimilla tan 10,000. Ta gyara inji ya koma kilo 8, ragin kashi 20 ke nan, amma ta ƙara kerawa zuwa miliyan 1.5. Jimilla ta zama tan 12,000. Talla za ta ce an rage kashi 20, sama kuwa ta karɓi ƙarin kashi 20. Ka duba shekarar da aka fara ƙirga ragin daga gare ta, domin ana son zaɓar shekarar da hayaƙi ya fi yawa. Ka yi hattara da duk kwatancen da ya ƙare a 2020, shekarar da annobar korona ta tsayar da masana'antu da jirage. Ka nemi ko ragin ya zo ne daga sayar da wata masana'anta mai datti: ta fita daga littafin wannan kamfani, tana ci gaba da hayaƙi a hannun sabon mai ita. A da'ira ta 2 kuma lamba biyu ya kamata ka gani, ɗaya bisa wutar da layin yankin ke bayarwa a zahiri, ɗaya bisa takardun wuta mai tsabta da kamfanin ya saya. In ta biyu kaɗai aka nuna, ka tambayi ina ta farko.

Alkawarin 2050 shi ya fi arha, don shugabannin da suka sa hannu ba za su kasance a kujera ba. Kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Catherine McKenna ya faɗa a taron sauyin yanayi na duniya, COP27, na 2022 cewa dole alkawari ya zo da matakan kowace shekara biyar, kuma ba zai haɗu da buɗe sababbin rijiyoyin mai ko mahaƙar kwal ba. Don haka ka buɗe rahoton kuɗi kusa da na muhalli, ka ga kashi nawa na jarin bana ya tafi makamashi mai tsabta. Daga ƙarshe ka karanta wasiƙar mai binciken waje. Yawanci taƙaitaccen tabbaci yake bayarwa, ma'anarsa "ba mu ci karo da kuskure ba", kuma sau da yawa a kan lambobi kaɗan da aka sa wa alama, ba rahoton duka ba.

Tambaya: Rigar da aka ce da gora aka saƙa ta, ta fi auduga? Daga wata tela.

Amsa: Malama, taɓa ta ki ji. In tana da santsi da laushi, kusan tabbas biskos ce: an narkar da gorar da soda mai ƙuna da sinadarin kabon daisalfaid, mai illa ga jijiyoyin ma'aikata in ba a killace shi ba, sannan aka ja zare. Halin gorar bai tsira daga tukunyar ba. A 2022 Walmart ya biya dala miliyan 3, Kohl's dala miliyan 2.5 a Amurka kan sayar da irin wannan yadi da sunan gora. Ƙaramin ƙyallen da ke cikin wuyan riga ya fi kwalin da ke rataye a waje faɗin gaskiya.

Tambaya: Shin duk ƙarya ce tsagwaronta suke yi? Daga wani direba.

Amsa: Ƙarya tsagwaronta ita ce mafi ƙaranci, amma tana faruwa. Volkswagen ya tallata motocin dizal da sunan masu tsabta, alhali ya dasa manhajar da ke lura da sitiyari da gudu da tsawon aikin inji, ta gane ana gwajin motar a ɗakin gwaji, ta kunna tace hayaƙi gaba ɗaya. A kan titi kuwa hayaƙin naitirojin oksaid kan kai ninki 40 na abin da dokar Amurka ta yarda. Masu bincike na Jami'ar West Virginia ne suka ɗaura na'urar awo a bayan motocin suka hau hanya da su, asiri ya tonu a Satumban 2015, motoci kusan miliyan 11 a duniya.

Abin da ya fi yawa shi ne gaskiyar da aka yanke wa jela. A 2022 hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya, ASA, ta hana wasu allunan bankin HSBC biyu, ɗaya na maganar tallafin da zai kai dala tiriliyan 1 don rage hayaƙi, ɗaya na dasa bishiya miliyan 2. Hukumar ba ta ce lambobin ƙarya ba ne. Laifin shi ne yin shiru kan kuɗin da bankin ke zubawa a harkar mai da gas da kwal. Haka kamfanin Clorox a Ostareliya: ya ce rabin ledar shararsa robar teku ce, ashe an tsinto ta ne a garuruwan Indonesiya da ke iya kai nisan kilomita 50 daga gaɓa. Kotu ta ci shi tarar dalar Ostareliya miliyan 8.25 a 2025.

Tambaya: To na gane talla na yaudara. Me mutum ɗaya kamata zai iya yi? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Malama, abu na farko ki adana shaida kafin ki yi magana da kowa, domin kamfani na jin ƙorafi zai gyara shafinsa cikin dare. Ki ɗauki hoton tallar gaba ɗaya har da ƙananan rubutun, ki rubuta rana da wurin da kika gan ta, ki ajiye kwalin da rasit. In a intanet ne, ki ɗauki hoton allo da adireshin shafin a jiki, ki kuma adana shi a ma'ajiyar Wayback Machine, wadda ke riƙe kwafi da kwanan wata.

Sai ki rubuta wa kamfanin, a rubuce ba ta waya ba. Ki kwafo jimlar tallar harafi da harafi, ki nemi hujjarta: wane ma'auni, wace shekara, wane ɓangare na kayan, wa ya tantance. Ki ba su mako biyu. A dokokin talla na ƙasashe da yawa, mai iƙirari ne ke da nauyin kawo hujja, kuma ana so ya riƙe ta tun kafin ya buga tallar. Amsar da ta zo da labarin "ƙudurinmu ga muhalli" ba lamba, ki haɗa ta cikin fayil, ita ma shaida ce.

Daga nan akwai ƙofa uku, kuma kuskuren ƙofa na kashe ƙorafi. Talla na zuwa hukumar sa ido kan tallace-tallace. Rubutun jikin kaya na zuwa hukumar kare haƙƙin masu saye ko ta gasa. Asusun zuba jari da ke kiran kansa mai kula da muhalli na zuwa hukumar kasuwar hannayen jari. Ta wannan ƙofa ce kamfanin zuba jari na DWS na Jamus ya biya dala miliyan 19 a Amurka a 2023, bayan tsohuwar shugabar sashen muhallinsa, Desiree Fixler, ta fasa ƙwai. In tambarin wata hukumar shaida aka yi amfani da shi ba izini, ki sanar da masu tambarin, su ma sunansu ake ɓatawa. Ki kula da wa'adi: ASA, misali, tana son ƙorafi cikin wata 3 da fitowar tallar, kyauta ne, kuma ƙorafin mutum ɗaya na iya sa a buɗe bincike.

Abin da ke kayar da yawancin ƙorafe-ƙorafe shi ne faɗi. Wanda ya rubuta "wannan kamfani na lalata duniya" bai ba hukuma abin yanke hukunci ba. Shafi ɗaya ya isa: ga jimlar, ga abin da mai saye zai fahimta daga gare ta, ga abin da rahoton kamfanin da kansa ya nuna a shafi kaza. Ba sai kin tabbatar da mugun nufi ba, ɓatarwar ake dubawa. Idan za ki yi rubutu a Facebook ko jarida, ki tsaya kan abin da ke hannunki. "Na nemi hujja ranar kaza, ba a ba ni ba" magana ce da za ki iya karewa a gaban alƙali. "Ɓarayi ne" na iya jawo miki ƙarar ɓata suna.

Kada ki sa ran tara kullum. KLM ba a ci shi tara ba, kuma ya riga ya janye tallar kafin hukunci. Amma hukuncin ya zama madogara ga masu ƙara na gaba, kuma haƙoran hukumomi na ƙara tsini: tun Afrilun 2025 hukumar gasa ta Birtaniya na iya cin kamfani tarar da ta kai kashi 10 na cinikinsa na duniya ba tare da ta je kotu ba.

Tambaya: Ni ƙaramar masana'anta gare ni, kuma da gaske na rage roba a kwalabena. Yaya zan faɗa ba tare da na shiga sahun masu fenti ba? Daga wani mai sana'a.

Amsa: Alhaji, ka ɗora tsohuwar kwalba da sabuwa a sikeli, goma-goma, ka fitar da matsakaicin nauyi. In tsohuwar giram 30 ce sabuwar 24, ka rubuta: "Kwalbar nan ta fi wadda muke yi a 2023 ƙarancin roba da kashi 20, ban da murfi." Ka ajiye takardar awon da ta mai kawo maka robar a fayil ɗaya. In ka sa kalmar "sabo", ka cire ta bayan shekara, ka sake awo duk lokacin da ka canza mai kawo kaya. In kwalbar ta yi sirara har tana fashewa a hanya ana asarar abin da ke ciki, ka koma giram 27, ka gyara lambar zuwa kashi 10.